Turmi Uku a Falon Abdulhakim

Shafi na 23

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in aka tafi da Najwa ba ta yafe min datarta ba. Hajiya ki yi haƙuri, ba ni na aiki Abdulhakim ba, bakinsa ne ya ja masa.

Wanda yau ya fara leƙo mu, ga inda aka kwana. Najwa shekararta goma sha biyu, 'yar marigayi Lukmanu ce, aminin Abdulhakim tun suna 'yan makaranta. Tana da shekara biyu hatsarin mota ya ɗauke iyayenta a hanyar Kaduna, tun ranar take hannun Abdulhakim da matarsa Fadima a Kubwa. Su kuma Allah bai ba su haihuwa ba, ita kaɗai ce sanyin idonsu. Ranar Laraba Baffanta Alhaji Zakariyya, ƙanin mahaifinta, mai motocin lemo da kankana a Zuba, ya zo ya ce yanzu Allah ya buɗa masa, yana son 'yar ɗan'uwansa ta koma gabansa. Abdulhakim kuwa, sarkin kara, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ai 'yarku ce." A zatonsa Alhaji zai mayar masa da karar, ya ce a'a, ku ci gaba da riƙonku, Allah ya saka da alheri. Ina! Mutumin kasuwa ne, da ka ce ka sallama zai ɗauki kayansa. Ya ce madalla, ranar Asabar da hantsi zai zo da mota.

To yau Asabar.

* * *

Tun da aka dawo daga sallar asuba Abdulhakim bai koma ɗaki ba. Ya koma ya yi me? Kwana uku ke nan Fadima ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa, sai dai in ta kawo shayi ta dire kofin da ƙarfin da shi ma ya isa magana. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo. Daga ƙarshe ƙafarsa ta kai shi inda ta saba kai shi in duniya ta yi masa zafi, wato kusurwar bayan doguwar kujera.

A nan injin gem ɗin yake tsaye, dogo kamar firji, an lulluɓe shi da farin leshi an ɗora masa tukunyar furen roba. Dokar Fadima ce wannan, ta ce ba za ta yarda baƙi su shigo su zata a gidan caca take aure ba. Ya sauke furen, ya yaye leshin, ya kunna. Kiɗan nan ya tashi, sai ya ji zuciyarsa ta ɗan lafa.

Duk wanda ya tashi a Garki lokacin da rabin Abuja ke daji ya san shagon Oga Alexander a bayan tashar mota. Ɗaki ɗaya, fanka ɗaya mai kuka, injuna uku, yara kamar su hau kan juna. Ka miƙa kuɗin tararka, a ba ka kwandalar ƙarfe, ka jefa a rami, ka kama sandar juyawa, ka zaɓi ɗan dambenka. A nan Abdulhakim da Lukmanu suka riƙa ƙarar da kuɗin motarsu suna takawa gida a ƙasa, su isa a ci ƙaniyarsu, gobe su koma kamar ba su aka daka ba. Sunayen 'yan damben da ke ciki ba mai iya faɗa, sai yaran suka raɗa musu nasu. Akwai wani ƙato mai tumbi da ɗamara, Sarkin Pawa, na Abdulhakim ke nan har gobe. Akwai wani siriri mai yaƙi da lema, Malam Tsigi, wanda kowa ya raina ban da Lukmanu.

Shekara huɗu da suka wuce ya ji labarin Oga Alexander ya tsufa zai koma garinsu, kuma inji ɗaya na nan a wani sito a Mpape kaji na kwana a kansa. Mutum da girmansa, mataimakin darakta a ma'aikatar tarayya, ya ɗauki hutun yini guda, ya hau tudun nan da babbar riga, ya sauko da shi a bayan a-kori-kura yana rungume da shi don kar ya bugu. Ranar da aka gyara ya kama, ya ɗora Najwa a kan kujerar tsugunno don hannunta ya kai. Bai nuna mata kowa ba, bai ce mata komai ba, yarinyar nan ta bi fuskoki goma sha biyu da kallo ta zaɓi mai lemar. Sai da ya shiga banɗaki ya wanke fuska.

Tun daga ranar safiyar Asabar ta zama tasu. A soya ƙosai, a ja kujeru biyu, yana bugawa yana ba ta labarin shagon. Ta ji kowane labari ya fi sau goma, in ya ƙara gishiri ta gyara masa, ta ce wancan makon ba haka ya faɗa ba. A duk duniya ba abin da Abdulhakim ke so kamar wannan awa biyun.

To ga abin da ba wanda ya sani a gidan. A farko gaskiya ne, yakan bar mata ta ci. Amma wata bakwai ke nan cur rabonsa da ya ci yarinyar nan. Ba bari, ba tausayi, dukan tsiya take masa. Shi kuwa tsohon zakara ne, girman kai bai bar shi ya amsa ba. Duk sanda Sarkin Pawa ya sha ƙasa sai ya yi miƙa, ya yi 'yar hamma, ya ce ai bar mata ya yi don kar ta yi kuka. A ganinsa tsokana ce ta uba da 'ya.

Yana tsaye a gaban injin ya ji ƙarar tayar akwati a kan tayil.

Najwa ce, ta sa hijabinta na fita, tana jan ƙaramin akwatinta. Ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi, irin gaisuwar da ake yi wa abokin uba in ya zo. Ya tambaye ta ko ta karya, ta ce ta karya. Ta ce ta ninke kayanta duka, amma littattafan makaranta ta bar su a kan tebur, don ba ta sani ba ko nata ne ko na gidan nan ne.

Maganar ta soke shi har ƙashi.

"Najwa, wace irin magana ce wannan?"

Ta ce ba komai. Ta ce ranar Laraba tana bayan labule da faranti a hannu sanda ya ce wa Baffa 'yarsu ce. Nan ya shiga kame-kame, yana mata bayanin kara, wai haka manya suke yi, wai ba a cewa ɗan'uwan uba a'a kai tsaye, wai shi bai zata Alhaji zai ɗauki maganar da gaske ba. Tana sauraro kanta a ƙasa, tana murza bakin hijabi. Da ya gama ta ce ya daina damun kansa, dama ta daɗe da sani.

"Kin san me?"

"Na san ni baƙuwa ce."

"Subhanallahi. Wa ya faɗa miki?"

"Kai, Abba."

Ta ɗago ta nuna injin da haɓa.

"Kai ka ce in baƙon yaro ya shigo shago, Oga Alexander yakan zauna ya buga da shi ya bar shi ya ci, don ya ji daɗi. Ka ce 'yan gida kuwa ba ya raga musu, har kuka ya taɓa sa Babana. Ni kullum bar min kake yi. Da ni ta gida ce, da ka cinye ni ko sau ɗaya."

Jama'a, kun ga inda wasa ya kai mutum? Wata bakwai yana kare girmansa, ashe kowace Asabar ƙusa yake buga wa yarinyar a zuciya. Kunya ta kama shi, tausayi ya kama shi, ya ji kamar ya mari kansa.

Ya ce mata ba bar mata yake ba, ita take cin sa da hannunta. Ta yi wani ɗan murmushi wanda ya fi kuka ciwo, ta ce ta gode, ta san yanzu ma lallashinta yake. To ya za ka yi? Mutumin da ya yi wata bakwai yana cewa bari yake, yau da wane baki zai ce ƙarya yake a yarda?

Ta ja kujerarta ta zauna a gaban injin.

"To mu buga, Abba. Turmi uku. In ka ci, zan mayar da kayana ɗaki. In na ci, na tafi."

Lissafinta a fili yake. Tunda a wurinta Abba na iya cin ta duk sanda ya ga dama, in yana son ta zauna zai ci. In ya sake bari, to ta san amsa. Ba ta san cewa ta ɗora zamanta a gidan a kan abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Fadima, wadda ashe tana tsaye a ƙofar kicin da matsamin ƙosai a hannu, ta fasa shirun kwana uku.

"Abban Najwa, ka cinye ta. Yau in ka yi min wasan nan naka na bari, ni da kai ne."

Ita ma ta yarda da ƙaryar! Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya dubi akwatin. Ya ja kujera ya zauna, ya yi bisimilla a fili, abin da bai taɓa yi wa gem ba.

Turmin farko ko minti ɗaya bai kai ba. Kafin Sarkin Pawa ya gama ɗaga hannu Malam Tsigi ya tsallake kansa, ya zuba masa lema uku a ƙeya, ya share masa ƙafa. Layin jinin Sarkin Pawa da ke saman allon injin ya zuƙe kamar an zare toshiyar randa. Najwa ba ta ko kalle shi ba, ta dai cije leɓe. Fadima ta yi tsaki ta ce ga shi nan ya fara.

Ya cire hula ya ajiye. Ya naɗe hannun jallabiya. Ya goge tafinsa a cinya.

A turmi na biyu ya yi abin da a shagon Oga Alexander in ka yi shi sai an yi mako ana ce maka matsoraci. Ya matse Malam Tsigi a lungu, ya kama danna maɓalli ɗaya tak, bugun tumbi, bugun tumbi, bugun tumbi, ba salo, ba kunya. Lukmanu da yana raye da ya tofa masa yawu. Najwa ta zille ta rama, ta sake ramawa, jininsa ya rage kamar zare, amma Allah ya taimake shi bugun ƙarshe ya shiga. Ya ci. Fadima ta yi guɗa 'yar ƙarama, ta ce da ma ta san iskanci ne kawai yake yi.

Shi kuwa ya san dabarar ta ƙare, don yarinyar nan ba a yi mata abu ɗaya sau biyu.

Turmi na uku. A ransa yana roƙon Allah ya sa masu wuta su ɗauke, amma kun san halinsu, ranar da kake nema su ɗauke ranar suke bari. Ya sake neman lungun, ta ƙi shiga. Ya kai bugu, ta kauce. Ya ja baya ya kare, ta ɓullo ta ƙasa. Duk abin da ya koya a shekara talatin ya zazzage shi, har da wani tsalle da rabonsa da gwada shi tun yana aji uku. Gumi ya jiƙa masa wuya, kujera na ƙara a ƙarƙashinsa, babban yatsansa ya yi ja. Sau biyu ya same ta, sau biyu zuciyarsa ta ce an gama. Sai Malam Tsigi ya buɗe lemar nan, ya juya sau ɗaya a sama, ya sauko a kan tumbin Sarkin Pawa.

Ƙaton ya faɗi. Injin ya saki kiɗan nasara.

Najwa ta saki sandar a hankali, ta miƙe.

"Shi ke nan. Ka sake bar min."

Ta juyo don ta yi masa sallama, sai idonta ya sauka a kansa. Hannunsa na kan maɓallan har yanzu. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a jallabiya. Tunda take ba ta taɓa ganin Abba na kuka ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu a ɗaki ya yi nasa.

"Najwa, kin san ba na rantsuwa. Wallahi tallahi iya ƙarfina ke nan. Wata bakwai rabona da in ci ki. Kunya ce ta sa nake cewa na bar miki."



Da bakin ya buɗe kuwa sai komai ya zubo. Ya ce a ofis in an fita cin abinci yakan kulle ƙofa ya kama kallon bidiyon yadda ake kauce wa lemar nan, har masinja ya fara zaton wani babban aiki aka ba shi daga sama. Ya ce ranakun Talata da yake dawowa da wuri da sunan ciwon kai, sanda Najwa take Islamiyya, falo yake kullewa ya kashe kiɗan injin ya yi ta gwaji shi kaɗai. Ya ce maganar da yake mata cewa shi da Babanta kunnen doki suke, ita ma ƙarya ce. A shekara shida sau huɗu ya ci Lukmanu, biyu daga ciki Lukmanu na fama da zazzaɓi.

Fadima ta riƙe haɓa.

"Au! Ashe shi ne ciwon kan ranar Talata? Ni ina ta dafa maka na'a-na'a, ina hana maƙwabta buga ƙofa?"

Dariya ta ƙwace wa Najwa, irin wadda ke fitowa tare da majina da hawaye. Ta so ta tsayar ta kasa. Ta durƙushe a gefen kujerarsa ta kifa kai a hannun jallabiyarsa, tana dariya tana kuka, tana cewa Abba ashe da gaske ba ka iya ba. Ya ce ya iya mana, a zamaninsa har daga Nyanya ake zuwa kallonsa. Ta ce wancan makon Karu ya ce. Fadima ta ce su dai bari, yau ta ga ƙarshen zakara, ta koma gefe tana share ido da bakin zani. Daɗi ya cika Abdulhakim har ya rasa inda zai sa kansa. Bai taɓa sanin shan kaye na da daɗi haka ba.

Suna cikin haka aka danna hon a ƙofar gida. Sau biyu.



Abdulhakim ya ce wa Najwa ta manta da sharaɗin nan, sharaɗin banza ne, ta ɗauki akwatinta ta mayar ɗaki. Ta share fuska ta girgiza kai. Ta ce ita yanzu ta yarda, ko ƙofar gida ba ta son takawa. Amma ita yarinya ce, ba za ta iya kallon idon ƙanin mahaifinta ta ce masa ba ta zuwa ba.

"Kai ka bayar da ni, Abba. Kai za ka karɓo ni."

Ya dubi Fadima ko za ta kawo masa ɗauki. Ta matsa gefe ta buɗe masa ƙofa.

Haka ya fita, ba hula, hannun riga a naɗe, ido jawur, silifas ɗin ma na Fadima ya zura bai sani ba. Ya zare sakatar get.

Alhaji Zakariyya na zaune a mota, bai kashe ta ba, fuskarsa fal da fara'a. Matarsa Hajiya Rekiya na gefensa. Bayan motar cike da abarba da kankana da kwandon lemo, tsarabar godiya ce ya kawo wa masu riƙo. Ya leƙo ta taga ya yi sallama, ya ce ba za su zauna ba, minti biyar ya isa, don motocinsa na shigowa kasuwa da azahar. Hajiya ta ce tun jiya aka gama fentin ɗakin yarinyar, har labule ta sa mai ruwan hoda. Alhaji ya ce shekara goma yana jin kunyar kabarin ɗan'uwansa, lokacin da abin ya faru ko ɗakin kansa ba shi da shi, yau dai Allah ya nufa zai sauke nauyi. Da ya faɗi haka idonsa ya kawo ruwa.

Mutumin kirki ne, abin da ya sa maganar ta yi nauyi ke nan. Abdulhakim ya ji karar nan ta taso masa tun daga ciki, ta zo wuya, harshensa har ya fara shirya cewa bisimilla ku shigo, ga ta nan ta shirya. Ya waiwaya. Labulen falo ya ɗan motsa.

Ya dafa ƙofar motar.

"Alhaji, ka yafe min. Ranar Laraba ba gaskiyar zuciyata na faɗa maka ba. Jininku ce, sunan Lukmanu take amsawa, ba mai canja wannan, kuma gidanka gidanta ne duk ranar da ka so ganinta. Amma 'yata ce. Ba zan iya ba da ita ba."

Fara'ar Alhaji Zakariyya ta ɗauke. Ya daɗe yana kallonsa, tun daga kan da ba hula har zuwa silifas ɗin mata da ke ƙafarsa. Sannan ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zare makulli.

"Hajiya, fito. Ashe zaman ba na minti biyar ba ne."